Sanƙo ya kama ni tun ina shekara 26, shin in je a dasa mini gashi?

Baban Hanif: Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe a wannan zaure ina karatu kawai, yau dai zan yi magana. Shekarata 34. Sanƙo ya fara mini tun ina 26, daga gefen goshi biyu ya dinga ja baya, yanzu tsakiyar kai ma ta buɗe. Mahaifina ma yana da shi, amma shi sai da ya haura hamsin. Ko a gidana ba na iya zama kai ba hula in akwai baƙi. A bikin ƙanwata wani abokin ango ya durƙusa ya gaishe ni a zaton ni ne kawun amarya, aka yi dariya aka wuce, ni kuwa na kwana da abin a raina. Na tara 'yan kuɗi, na yi magana da wani asibiti a Istanbul, sun ce dala 2,500 har da otal da motar ɗaukowa daga filin jirgi. Tambayata uku ce. Shin ya halatta? Shin ba shi da illa? Kuma akwai wanda ya taɓa yi a cikinmu? Don Allah wanda zai yi ba'a ya haƙura yau.

Alhaji na Fagge: Wa alaikumus salam. Yaro, ka riƙe kuɗinka. Namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa. Ni sanƙona ya girmi wasu da ke cikin zauren nan, bai hana ni aure ba, bai hana ni kasuwa ba. Allah ya ba mu zanna bukar, ya ba mu damanga, ya ba mu kube. Wannan kuɗin in ka juya shi a canjin yau ya haura naira miliyan 3. Fili ne a bayan gari. Kwalliyar jiki a bar wa mata.

Ɗan Zazzau: Baba Alhaji, da girmamawa, zamaninku daban. Ku kun tashi hula ba ta barin kai sai za a kwanta. Mu yanzu rabin rayuwarmu a gaban kyamara take. Taron ofis ta bidiyo, hoton fasfo, hoton biki da za a watsa a Facebook kafin a gama cin abinci. Mutum yana ganin fuskarsa sau hamsin a rana. Kuma ba a sa hula da rigar ƙwallo. Wayne Rooney yana da shekara 25 ya yi dashen nan a 2011, yana Manchester United, kuma da kansa ya fito ya faɗa a Twitter. Ba wanda ya ce ya zama mace.

Alhaji na Fagge: To shi Rooney abin da ya biya ko albashinsa na mako guda bai kai ba. Wannan bawan Allah gumin shekaru zai kai.

Mai Aski Kofar Ruwa: Bari in sa baki, don ni kan maza nake taɓawa daga safe zuwa dare shekara 17 ke nan. Alhaji, abin da ba ka sani ba shi ne maza sun daɗe suna wannan kwaskwarima, a ɓoye kawai suke yi. A shagona kullum sai na rina wa mutum furfura, kuma ba samari ba ne, magidanta ne, wasu sa'anninka. Akwai masu cewa in zana musu layin goshi da baƙin fenti don ya yi kamar gashi ya cika. Akwai hodar da ake barbaɗawa ta rufe inda ya yi fili, in ruwan sama ya taɓa ta ta zubo. Yanzu har gashin kanti ake liƙa wa maza da gam, ya yi sati biyu ko uku a cire. Samari kuma gemu suke nema, kowa da kwalbar man tsirar da gemu a aljihu. Mai irin wannan buƙata yakan bari sai shago ya watse, ko ya kira ni gida. Na taɓa yi wa wani aski yana kallon madubi hawaye na zubo masa, saurayi ne da bai kai 25 ba, yarinyar da yake nema ta ce masa kansa kamar na babanta. Don haka ni ban ga laifin Baban Hanif ba. Ya fi waɗanda suke ɓoyewa suna shafa abin da ba su san mene ne ba.

Bamaraɗe: Maganar cewa ado na mata ne kaɗai ma ba haka take ba ko a al'adarmu. Kakana har ya rasu yana sa kwalli ranar Juma'a, yana sa wa gemunsa lalle. Mu nan Nijar duk wanda ya taɓa zuwa wajen Ingal lokacin bikin shan gishiri ya ga samarin Bororo a Gerewol, su ne ke shafa fuska, su ja layi a hanci, su fito da farin haƙori da farin ido, 'yan mata su zaɓa. Sannan haƙorin Makka fa? Alhazai nawa ne suka dawo da haƙorin azurfa a baki, ba ciwo ba komai? Wanzamai kuma da aska suke yi wa jarirai maza zane a fuska. Abin da ya sauya kawai shi ne kayan aiki.

Malam na Tudun Wada: Bismillah. Ɗan'uwa, tambayarka ta farko ita ce ta fi muhimmanci, kuma malamai sun riga sun yi magana a kanta. Asalin tsoron yana cikin Suratun Nisa'i aya ta 119, inda Shaiɗan ya yi alƙawarin zai umarci mutane su canza halittar Allah. Akwai kuma hadisin Ibn Mas'ud da ya zo da la'anta a kan masu zanen jiki da masu tsige gira da masu goge haƙora don su yi wushirya saboda neman kyau. Amma malamai sun raba abu biyu: kawar da aibi, da neman ƙarin kyau a kan halittar da take lafiya lau.

Dalilin kashi na farko shi ne Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinare. Game da gashi kuwa akwai hadisin mutum uku na Banu Isra'ila a Bukhari da Muslim, kuturu da mai sanƙo da makaho. Mala'ika ya tambayi mai sanƙon abin da ya fi so, ya ce gashi mai kyau, kuma abin da mutane ke ƙyamarsa saboda shi ya tafi. Aka shafe shi, gashi ya fito, aka ba shi saniya mai ciki. Da wannan hadisin Shaikh Ibn Usaimin ya kafa hujja cewa dashen gashi ya halatta, domin mayar da abin da Allah ya halitta ne ya zube. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma a zamanta na Maleshiya a 2007 ta sanya dashen gashi ga wanda nasa ya zube cikin abin da ya halatta. Sharaɗi shi ne likita ya zama ƙwararre, kuma cutarwar kada ta fi amfanin.

Amma gashin kanti da Mai Aski ya ambata, wannan ya fi kusa da ƙarin gashi da aka hana. Rini da baƙi wuluk ma akwai magana, domin ranar buɗe Makka da aka kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa fari fat, an ce a canza masa launi amma a guji baƙi. Wasu malamai sun ɗauke shi a haramci, wasu a karhanci. Wallahu a'alam.

Abu Sumayya: Allah gafarta Malam, ina da ja a nan. Wa zai yanke cewa sanƙo aibi ne? Rabin dattawan masallacinmu masu sanƙo ne, ba wanda ke ƙyamarsu. In muka buɗe wannan ƙofa, gobe wani zai ce faɗin hancinsa aibi ne, jibi wani ya ce baƙin fatarsa aibi ne. A ina za a tsaya?

Malam na Tudun Wada: Tambaya ce mai kyau. Ma'aunin shi ne: an haife ka da abin ya tafi, ko kuwa kana so a ba ka abin da ba a taɓa halittarka da shi ba? Gashin goshin Baban Hanif nasa ne, ya zube, kuma da gashin ƙeyarsa za a mayar. Mai faɗin hanci kuwa haka aka halicce shi, hancin na aiki, ba abin da ya rasa. Baƙar fata ba aibi ba ce ko kaɗan, Suratur Rum aya ta 22 ta sanya bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah. Wanda ya yi haƙuri da sanƙonsa kamar Alhaji ya yi kyau, ba a kuma ce wanda ya nemi magani ya yi laifi ba.

Abu Sumayya: Na ji, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ni dai ina ganin kasuwa ce ke koya mana ƙin jikinmu don ta sayar mana da magani. Shekara 15 da suka wuce ba wanda ke wannan zancen a Kano.

Likitan Fata: Abu Sumayya, rabin maganarka gaskiya ce, talla na da ƙarfi. Amma mutanen da ke zuwa wurina da damuwar nan ba talla ce ta kawo musu ita ba, ta dai nuna musu inda za su kai kuɗinsu. Baban Hanif, ga abin da nake so ka sani kafin ka sayi tikiti.

Irin sanƙonka na gado ne. Akwai wani sinadari da jikin namiji ke samarwa daga sinadarin mazakuta, ana kiransa DHT, shi ke sa saiwar gashin goshi da tsakiyar kai ta dinga sirancewa har ta daina fitar da gashi. Gashin ƙeya da na gefen kunne ba ya jin wannan sinadarin sosai, shi ya sa kake ganin dattijo kai tal amma ƙeya cike. Dashe ba ya ƙirƙiro sabon gashi. Ɗiba ake yi daga ƙeya a kai goshi, kamar mai dashen shinkafa, abin da ka cire daga can ya ragu a can har abada. Hanya biyu ce: ko a yanki siririyar fata daga ƙeya a ɗinke, ko a dinga cire saiwar ɗaya bayan ɗaya da wani ɗan ƙaramin bututu, wadda ake kira FUE, ita ce aka fi yi a Turkiyya. Kowace saiwa na ɗauke da gashi 1 zuwa 4, aikin kuma yakan ci awa 6 zuwa 8.

Inda gizo ke saƙar a wurinmu shi ne gashin baƙar fata ba a waje kaɗai yake murɗewa ba, saiwarsa ma a lanƙwashe take a cikin fata. Wanda hannunsa ya saba da miƙaƙƙen gashin Turawa da Larabawa zai iya datse saiwoyi da yawa wajen cirewa, su mutu a banza. Na biyu, fatarmu ta fi saurin yin tabon nan mai kumbura ya yi tudu. In kana da irin wannan tabo a ƙirji ko kunne, ko kana da ƙurajen ƙeya masu tauri da aski ke tayarwa, to ka dakata, kada garin neman gira a rasa ido. Na uku, a wurare masu araha sau da yawa likita zana layin goshi kawai yake yi ya fita, ma'aikata ne ke yin sauran, kuma ana yi wa mutane da yawa a rana guda. Ka tambaye su kai tsaye wa zai riƙe kayan aikin, kuma su nuna maka hotunan baƙaƙen fata da suka yi wa, bayan shekara guda, har da ƙeyarsu.

Sannan dashe ba ya tsayar da sanƙo. Gashinka na asali da ke bayan wanda aka dasa zai ci gaba da zubewa. Shi ya sa ake haɗawa da magani, minoksidil na shafawa da finasterayid na sha. Duka biyun in ka daina, abin da suka riƙe maka zai tafi. Finasterayid kuma yana rage wa wasu maza sha'awa, kuma mace mai ciki ba ta taɓa fasasshen ƙwayarsa. Wannan magana ce da ya kamata uwargida ta sani kafin ka fara.

Na Dawo Daga Can: Ni na yi, shekara biyu ke nan, a Istanbul, saiwa 3,200. Ba zan faɗi sunan wurin ba. Duk abin da Likita ya faɗa haka yake. Allurar kashe zafin ita ce mafi zafi, bayanta sai gajiyar kwanciya rub da ciki. A jirgin dawowa mun kai mu goma masu ɗaurin kai, Larabawa da Turawa da mu, kowa ya san abin da ya kai ɗan'uwansa.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne sallah. Kwanakin farko goshi ya kumbura har ya sauko ido, an hana ni sunkuyawa, da nuni na dinga yin sujada. Alwala kuma sai da na kira wani malami ya yi mini bayanin shafa a kan bandeji. Hula ma an hana ni wajen kwana 10, ni da na je don in daina ɓoye kai sai ga ni a ɗaki ina ɓuya gaba ɗaya. Bayan wata guda gashin da aka dasa ya zube kusan duka, na ɗauka kuɗina sun tafi, ashe haka yake yi. A wata na huɗu ya fara fitowa, sai da shekara ta zagayo na ga ainihin abin.

Goshi ya yi kyau, alhamdu lillahi. Amma ƙeyata ta yi shara-shara, sun ɗiba fiye da kima, in na yi aski ƙasa sosai ana ganin ɗige-ɗigen tabo. Da na rubuta musu, sau biyu suka amsa, daga nan shiru. Da zan sake, da zan fara ganin likita a gida, in nemi wanda ya saba da irin gashinmu ko da ya fi tsada. Araha ba ta ado.

Maman Sadiq: Ku ba mata dama mu ma. Mijina mai sanƙo ne tun kafin ya aure ni, wallahi ban taɓa kallon abin a matsayin naƙasa ba. Abin da ke damuna a mazan yanzu ba gashi ba ne, bilicin ne. Ina sayar da kayan shafa, kuma a da maza kan ce saƙon uwargida ne, yanzu kai tsaye suke cewa a haɗa musu mai ƙarfi. Ka ga saurayi fuska ja, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin. Na daina sayar da irin waɗannan mayukan tun da na ga yadda fatar wani ƙanina ta koma, ko ƙaramin ƙwarzane ba ya warkewa da wuri. Baban Hanif, tambayata ɗaya: Maman Hanif ta san da wannan shirin?

Baban Hanif: Hajiya, ba ta sani ba. Kunya ta hana ni.

Maman Sadiq: To ƙanina, daga nan za ka fara. Ka gaya wa mutum ɗari a zaure ba ka gaya wa wadda take ganin kanka ba hula kullum ba?

Likitan Fata: Hajiya ta taɓo abin da ya fi cika mana asibiti. Yawancin waɗannan haɗe-haɗen suna ɗauke da haidirokwinon, ko sitiroyid mai ƙarfi, ko zaiba. Sitiroyid na sirantar da fata ya kawo nankarwa da ƙuraje, yana iya tayar da hawan jini da sukari. Zaiba na lalata ƙoda. Haidirokwinon in an daɗe ana shafawa yakan bar baƙin tabo a kumatu mai wuyar fita. Kwaddibuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ma a 2023 ta bayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Baƙin rinin gashi ma a kula, akwai sinadarin PPD a cikin da yawa, yana kumbura wa wasu fuska har ido ya rufe. Mai Aski, ka dinga gwadawa a bayan kunne kwana biyu kafin ka shafa wa sabon mutum.

Mai Aski Kofar Ruwa: Na gode Likita, ya taɓa faruwa a hannuna sau ɗaya, ban san dalili ba sai yau.

Shugaban Zaure: Wani ɗan'uwa ya turo mini wannan ta bayan fage, ya ce a ɓoye sunansa: "Shekarata 23. Tun ina ƙaramar sakandare ƙirjina ya fito kamar na mace. Ban taɓa cire riga a gaban kowa ba, na bar ƙwallo saboda haka, ko da zafi riga biyu nake sawa. Na sha magungunan gargajiya ba adadi. Shin akwai aikin da ake yi, kuma zunubi ne in na yi?"

Likitan Fata: Ƙanina, kai ba kai kaɗai ba ne, samari da yawa na samun wannan lokacin balaga, a mafi yawansu yakan koma da kansa cikin shekara biyu. Naka da ya kai wannan lokaci da wuya ya koma. Ka je babban asibiti a duba ko ƙiba ce kawai ko tsokar nono ce, a duba hanta da sinadaran jiki, a tambaye ka magungunan da kake sha, domin wasu na jawo shi, har da allurar da masu ɗaga ƙarfe ke yi don tsoka. In tsoka ce, tiyata ce ƙarama, kuma akwai likitocin gyaran jiki a asibitocin koyarwa na ƙasar nan, ba sai ka fita waje ba. Ka daina shan abin da ba ka san haɗinsa ba.

Malam na Tudun Wada: Babu zunubi, ɗana. Wannan kawar da cuta ce tsantsa, ta fi ta gashi fitowa fili. Allah ya ba ka lafiya.

Alhaji na Fagge: Wannan yaron kam ya je a yi masa, in kuɗi ne matsala a yi mini magana ta hannun shugaba. Amma a kan sanƙo ina nan a kan bakana.

Baban Hanif: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Daren jiya na gaya wa Maman Hanif. Ta yi shiru, sannan ta ce ta daɗe da lura ba na yarda a ɗauke ni hoto da yara in ba hula, tana ta tunanin ko wani abu ta yi. Ta ce in zan yi ba za ta hana ba, amma maganin shan nan sai mun je wurin likita tare. Kuma Likita, ina da ƙurajen ƙeyar da ka ambata, guda uku masu tauri, sun fi shekara. Na rubuta wa mutanen Istanbul cewa su dakata.

Likitan Fata: Ka yi daidai. Kada a sake sa maka reza ko a kankare wurin har sai an duba, kuma ka guji hula mai matse ƙeya. Ranar da za ka je asibiti ka tafi da tsofaffin hotunanka na shekara biyar zuwa takwas baya, za su nuna wa likita saurin da sanƙon ke tafiya.